Kurakuran da ƴan fada ke yi in an buga musu tapi a poker

Tun kafin in shiga magana bari in faɗi wannan don kar wani ya ɗauke ni ba daidai ba: caca da kuɗi haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma ni ba kiran kowa nake ya sa ko dala ɗaya ba. Maganata kan poker ɗin da samari ke bugawa a waya da jeton banza na aplikasiyon, ko a fada da ƙwallayen dabino da tsinken ashana ana jiran shayi na biyu ya nuna. Daga Birni har Sabon Gari wasan ya shigo, kuma abin da ke damuna shi ne yara masu kai, wasu ma ƴan lise ne da suka karanta lissafin yiwuwa a aji, da zarar wani ya ce tapi wato ya turo duk jetonsa tsakiya sai lissafi ya gudu, sai ka ji ana "zuciyata ta ba ni" ko "yau ranata ce". Alhali lamba biyu kawai ake gwadawa: nawa ake nema a hannunka, kuma sau nawa cikin ɗari kartarka ke ci.

Kuskuren da ya fi yawa wajen fitar da farashin ne. Misali akwai jeto 600 a tsakiya, abokin wasa ya turo 300 da suka rage mishi, tsakiya ta zama 900, kai kuma 300 za ka sa in za ka bi. Wani sai ya raba 300 da 600, wani da 900, duka ba haka ba ne. Naka 300 ɗin ma cikin tulin za su shiga, tuli ya zama 1200, to 300 cikin 1200 kashi 25 cikin ɗari kenan. Ma'ana in kartarka na ci fiye da sau ɗaya cikin huɗu ka bi, in ba ta kai ba ka ajiye. Shi kenan fa, abin da za ka sa a raba shi da jimillar tulin bayan ka sa. Kuma ba sai ka tsaya dogon lissafi kullum ba, ka haddace uku: in ya turo rabin abin da ke tsakiya kana buƙatar 25, in ya turo daidai da shi 33, in ya ninka shi biyu 40.

Sai ƙirga kartocin da za su cece ka, nan ne ake yin ɓarna sosai. Karta 52 ce, kowane iri 13. Kowa karta biyu gare shi a hannu, sannan a buɗe biyar na kowa da kowa a tebur, uku da farko sai ɗaya sai ɗaya. Kana riƙe da karta biyu masu alamar zuciya, an buɗe uku na farko a tebur biyu daga ciki zuciya ne, saura ɗaya ka cika biyar iri ɗaya. 13 a cire 4 saura 9, kuma kartocin da ba ka gani ba 47 ne. Dabarar da aka saba ita ce in saura karta biyu a buɗe ka ninka da 4, in saura ɗaya ka ninka da 2. Tara sau huɗu 36, ainihin lissafin kusan 35 ne, ya yi kusa. Tara sau biyu 18, ainihi 9 cikin 46 wato kusan 20. To ga inda ake faɗuwa: mutum ya riƙe 35 ɗin nan a kai, an riga an buɗe karta ta huɗu ba ta zo mishi ba amma har yanzu yana ji kamar yana da 35, alhali rabin damarsa ta tafi.

Duba bambancin da kyau don shi ne zuciyar maganar. Tsakiya 1000, ya turo 1000, kana buƙatar 33. In bayan buɗe uku na farko ne kana da 35, ka bi, riba ce ko da siririya. In bayan ta huɗu ce kana da 20 kacal, ka ajiye ko da ranka bai so ba. Ka ɗauka an maimaita wannan hannun sau 100: ka ci sau 20 kowane ka kwashi 2000, 40,000 kenan, ka faɗi sau 80 kowane 1000 ya tafi, 80,000. Wato duk lokacin da ka ce "na bi" a nan kamar ka zubar da 400 ne ko da a ranar zuciyar ta fito ka yi ihu.

Masu jiran jeri biyar ma su ji: in ta gefe biyu za ta iya cika, kamar kana da 5 6 7 8, kartoci guda takwas ke ceton ka, kusan 31 da karta biyu, 17 da ɗaya. In rami ɗaya ne a tsakiya kamar 5 6 8 9, huɗu ne kawai, kusan 16 da kuma 9, wannan ba abin bin tapi ba ne sai in an yi maka araha ƙwarai. Kuma kar a ƙirga karta sau biyu, mai jiran zuciya da jeri gaba ɗaya 15 gare shi ba 17 ba, don biyu daga cikin takwas ɗin zuciya ne an riga an ƙirga su. Ninkawa da 4 ma in kartocin sun yi yawa tana ƙara gishiri, 15 sau 4 ya ba da 60 amma gaskiyar kusan 54 ce.

Wani abin da ba a so a ji: ba duk kartar da ta cika maka hannu ce ke ba ka nasara ba. Kana da 6 da 4 na zuciya, shi yana da as da wata zuciyar, ta fito ku duka kun cika amma nashi ya fi. Ko yana da uku iri ɗaya tun farko, zuciyarka ta zo amma tebur ya maimaita lamba ya haɗa uku da biyu ya danne ka, a irin wannan 35 ɗinka ta koma wajen 25. Don haka in ka ƙirga ka tambayi kanka wace ce a ciki za ta iya taimakonsa shi ma, ka rage.

Sai masu cewa "ai na riga na zuba da yawa ba zan bari ba". Abokina abin da ka zuba ba naka ba ne kuma, na tsakiya ne. Ya riga ya shiga lissafi ta hanyar ƙara girman tulin, ba a sake ƙirga shi a matsayin dalili. Kamar mai sayen rago ne a kasuwar Dole, kuɗin kabu-kabun da ya kawo shi ba ya sa ragon ya ƙara ƙiba, abin dubawa kuɗin da aka yanka da abin da ragon ya kai.

Akwai kuma tsoron babban tuli. Wani mai 5000 ya ce tapi, kai 800 gare ka, tsakiya 400, sai ka ga yaro ya firgita da 5000. Ba ruwanka da su, 800 kawai ke wasa daga nashi, sauran a mayar mishi. 800 cikin 2000, kashi 40. Sannan kar ka ce "in na ci zan ƙara tatsar shi gaba", babu gaba, in ku biyu ne kuma an yi tapi abin da ke tsakiya shi ne iyaka. Amma in akwai na uku a bayanka da bai yi magana ba tukuna to ka ƙara taka tsantsan, yana iya shigowa da abin da ya fi naku duka.

Inda lissafi kaɗai ba ya isa shi ne sanin mutum. Kuskure ne ka yanke cewa karta kaza ce a hannunsa guda ɗaya tak, ka tuna duk irin hannuwan da wannan mutumin ke yin tapi da su. Kana da dam biyu, wato kartar sarauniya, kafin a buɗe komai: in yana da as da sarki kana gaba kaɗan, wajen 55, in yana da as biyu ko sarki biyu ka koma ƙasa da 20. To wa ya turo? In yaron nan ne mai tapi kowane zagaye ka bi ba tare da dogon tunani ba, in kuma wancan mai shiru ne da tun da aka ɗora shayi bai motsa ba sai yanzu, dam biyun nan ba su kai yadda kake ganinsu ba.

Kuma don Allah a daina auna shawara da abin da ya fito. As biyu gaban sarki biyu suna ci kusan 82 cikin ɗari, wato sau 18 suna faɗuwa, wanda ya bi da as biyu ya faɗi bai yi kuskure ba, wanda ya bi da rami ɗaya ya ci bai iya wasa ba, sa'a ce ta rufa mishi asiri a wannan hannun. Wannan ne ya fi ɓata ƴan koyo don suna koyon darasin da ba shi ba daga hannu ɗaya.

In gasa ce irin wadda in jetonka ya ƙare ka fita gaba ɗaya, musamman an kusa kai wa matakin da ake ba da matsayi, to 35 gaban 33 ba ta isa ba, ka nemi tazara mai kauri kafin ka sa duk abin da kake da shi, don wanda ya ajiye yana nan a tebur zagaye na gaba, wanda ya bi ya faɗi sai dai ya koma gefe yana kallo.