Darasi na Shida: Yadda Jiki Ke Gane Maƙiyinsa

Ƙaya ta taɓa sokin ku a ƙafa? Ku tuna yadda wurin ya yi. Washegari ya kumbura, ya ɗau zafi, yana zogi. Bayan kwana biyu mugunya ta taru, wani lokaci har kaluluwa ta fito a matsematsi. Da yawa na ɗauka wannan duka shi ne ciwon, alhali yawancinsa alamar faɗan da jiki ke yi ce.

Ƙayar ta shigar da ƙwayoyin cuta, wasu mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Su kuwa fararen ƙwayoyin jini, dakarun jiki ke nan, sai su yi dafifi a wurin, su haɗiye baƙin. Mugunyar nan gawarwakinsu ce haɗe da na abokan gaba. Kaluluwa kuma sansaninsu ce, inda suke taruwa su ƙaru. Wannan tsari shi ake kira garkuwar jiki. Amma in kumburin ya ci gaba da yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, an fi ƙarfin jiki ke nan, a tafi asibiti.

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Bakteriya ke kawo tarin fuka da kwalara. Bairas ke kawo mura, ƙyanda da shan inna. Ku riƙe wannan da kyau, domin maganin antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairas. Shan sa don mura asara ce, kuma yana sa bakteriya su daina jin magani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jiki ba ya mantuwa. Wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya da wuya ya sake, don jikinsa ya riga ya san fuskar ɓarawon. Rigakafi a kan wannan aka gina shi: a nuna wa jiki ƙwayar da aka raunana, ko aka kashe, ko wani ɓangarenta, ya koyi yaƙi tun kafin a kawo hari. Wani likita mai suna Edward Jenner ya gwada rigakafin agana a Ingila a 1796, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa agana ta ƙare a duniya.

Aiki: ku kwafi kalmomin "garkuwar jiki" da "rigakafi" a littafinku, sannan kowa ya bayyana wa na kusa da shi ma'anarsu da bakinsa.