Yadda ake ɗaure bais ko injin matsi a kan teburin aiki a gida ya zauna daram

Duk wanda ke ɗan taɓa aikin hannu a gida, gyaran babur ne ko janareta ko famfo, ko mai ɗinkin jaka da takalmi da ya sayi injin matsin nan mai dogon hannu na buga maɓalli, dole wata rana ya zo wurin kafa injin ko bais, wato ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ke riƙe abin da ake gyarawa, a kan tebur. Toh a nan ne mutane da yawa ke ɓata kayansu. Mutum ya kashe kuɗinsa ya sayo bais mai kyau a Dilimi a garin Jos, ya kawo gida ya ɗora a kan teburin da yara ke karatu, ya buga masa ƙusa huɗu 'yan inci uku ya lanƙwasa kawunan, shikenan wai an kafa. Kafin ka ce me abin ya fara rawa, ramukan ƙusa sun buɗe, bakin teburin ya tsage, sai a dawo ana cewa ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Wallahi sau da yawa kayan ba su da laifi, kafin ne bai yi ba.

Ka fara gane inda ƙarfin yake tafiya, in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Lokacin da ka danna hannun injin matsi ƙasa, ko ka ɗaure bututu a bais kana murɗa shi da sifana, ba ƙasa kaɗai ƙarfin yake danna teburin ba. Gaban injin yana danne bakin tebur, bayansa kuma yana neman ɗagawa sama ya tumɓuke abin da ya riƙe shi. Mu ɗan yi lissafi, a ce hannun injin ya fito santimita 40 daga bakin tebur, ka danna shi da nauyin kilo 20 wanda ba wani abu ba ne ga babban mutum, bol ɗin baya kuma suna santimita 8 daga bakin, to abin da ke fizgar su sama ya kai kilo 100. Kuma ba sau ɗaya ba, duk dannawa sai an fizga, in maɓalli kake bugawa ai sai ka danna ɗaruruwa a wuni. Ƙusa ko sukuru naman katako kawai suka riƙe, a hankali za su cinye shi su fito. Shi ya sa maganar guda ɗaya ce, a huda tebur har ƙasa, a zura bol ya fita ta ɗaya gefen, a ɗaure da noti.

Teburin kansa

Kafin ka taɓa diril, tsaya ka kama bakin teburin da hannu biyu ka jijjiga shi gaba da baya, hagu da dama. In ya motsa tun ba a ɗora masa komai ba, to da shi za ka fara. Yawanci ƙafafun ne ba su da abin da ya ɗaure su da juna, sai ka sa kafinta ya buga katako a giciye ta baya da kuma gefe biyu, a karkace daga saman wannan ƙafa zuwa ƙasan waccan, wannan kaɗai yana kashe yawancin rawar. In sabo za ka yi, a yi ƙafafun da katakon tu-bai-fo bibbiyu a haɗe ko kuma mai walda ya haɗa maka da angil mai kauri.

Saman teburin shi ne inda nake so ka fi sa ido. Irin allon nan na garin katako da aka matse da gam, wanda ake yin teburin ofis da kabad da shi, kar ka soma. Yana da kyan gani amma noti na matse shi zai fara marmashewa, in kuma ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura. Abin da ya fi shi ne filawud mai kaurin milimita 18, ka yanka biyu ka shafa gam ɗin kafinta a tsakani ka matse su su kwana, ka samu milimita 36 kenan. Ko kuma falanki mai kaurin inci biyu na itace mai tauri irin maɗaci ko loko. In ka shiga kasuwar Katako ka tambayi busasshe, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka duba ko yana da tsaga ko ƙulli a daidai inda za ka huda. Ɗanyen katako a garin Jos matsala ce, ka kafa a kansa da damina, hunturu na shigowa ya bushe ya motse ya murɗe, bol ɗin da ka ɗaure tamau ka tarar kana juya su da yatsa.

In teburin da kake da shi siriri ne kuma ba halin canzawa, ba sai ka jefar ba, ka yanka filawud kamar santimita 30 zuwa 40 kowane gefe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, teburin na tsakiya, bol ɗin su ratsa duka ukun.

Inda za a kafa

A saman ƙafa ko dab da ita, ba a tsakiyar tebur ba inda babu komai a ƙarƙashi. Dukan guduma in ya sauka a saman ƙafa ƙasa yake wucewa kai tsaye, a tsakiya kuwa allon ne zai riƙa lotsawa yana dawowa yana cinye maka rabin ƙarfin. Amma ka leƙa ƙasa tukuna, ka tabbata ramukan ba za su faɗa cikin ita ƙafar ba ko cikin katakon da ya zagaye teburin, kuma akwai wurin da sifana za ta shiga ta juya. Mutane na mantawa da wannan sai sun gama huda.

Ga bais akwai wani abu ƙarami da yake da amfani sosai. Muƙamuƙin baya, wanda ba ya motsi, ya ɗan fito ya wuce bakin tebur ko da rabin santimita ne. Gwajinsa mai sauƙi, ɗauki doguwar sanda ko bututu ka ɗaure a bais ɗin a tsaye, in ta sauka ƙasa ba ta taɓa bakin tebur ba to ya yi. In ka tura bais ɗin ciki da yawa, ranar da kake son ɗaure dogon abu a tsaye teburin ne zai tare ka. Shi kuma injin matsi, ka riƙe shi na wucin gadi da kilam, wato ƙarfen nan da ake murɗawa ya matse abu biyu a haɗe, ka ja hannun tun daga sama har ƙarshensa, ka ga ko yana bugun bakin tebur ko marfin durowa ko gwiwarka in a zaune kake aiki, wani injin ma akwai sashensa da ke sauka ƙasa da tebur, dole a bar masa hanya.

Tsayi kuma, ka tsaya a miƙe ka lanƙwasa hannu, saman muƙamuƙin bais ya zo daidai gwiwar hannunka, a nan ne goga da zarto da yankan ƙarfe suke tafiya daidai ba tare da ciwon baya ba. In ya yi ƙasa sai a ƙara katako a ƙarƙashinsa, in ya yi sama ka samu abin takawa mai faɗi.

Alama da huda

Kar ka auna ramukan da tef ka zo kana zanawa, kuskure na shiga. Ɗora injin a inda zai zauna, ka matse shi da kilam, ka zura fensir cikin kowane rami ka zagaya. Sauke shi, ka sa bakin ƙusa a tsakiyar kowane da'ira ka ɗan buga don bakin diril ya samu wurin zama kar ya zame. Ka fara da ƙaramin baki kamar milimita 4, sannan babban. Ramin ya ɗan fi bol ɗin kaɗan, bol mai milimita 10 a huda masa 11, mai 12 a huda masa 13. Diril ya tsaya a miƙe, in ba ka yarda da idonka ba ka sa wani ya tsuguna gefe yana duba maka. Ka matse guntun katako a ƙarƙashi kafin ka huda don kar bakin ya farfasa filawud wurin fita. Ni abin da na fi so shi ne a huda rami ɗaya, a mayar da injin a zura bol, a sake duba sauran alamomin, sannan a huda na biyu wanda ke kusurwar da ke fuskantarsa. Yana ɗaukan lokaci amma ba za ka zo kana faɗaɗa rami da zarto ba. Ka sa tabarau, garin katako da na ƙarfe ba sa sallama kafin su shiga ido.

Bol da noti da abin da ke ƙasa

Ka ɗauki bol mafi kauri da zai shiga ramin injin. Ƙananan injina sukan ci mai milimita 8 wanda sifana 13 ke kamawa, matsakaicin bais mai 10 sifana 17, manya mai 12 sifana 19. Dubi kan bol ɗin, in ka ga an rubuta 8.8 to mai ƙarfi ne, shi za ka saya, waɗanda ba rubutu a kansu wasu da ka matsa zaren ke cinyewa. Wurin tsawo ka haɗa kaurin gindin injin da na tebur da na farantin ƙarfen da za a sa a ƙasa da washa da noti, ka ƙara kamar santimita ɗaya. Misali a milimita, gindi 15, tebur 36, faranti 6, noti da washa 15, ya kama 72, ka sayi mai tsawon 80 ko 90. Mafi sauƙi ma ka tafi da guntun katakon da awon ramin shagon masu bol a Dilimi ko kasuwar Building Materials su gwada maka a gabanka.

Yanzu ga abin da ba a gani amma shi ke riƙe da komai. In ka ɗaure noti kai tsaye a jikin katako, ko da ƙaramin washa, nutsewa zai riƙa yi cikin itacen, yau ka matse gobe ya saki. Ka je wurin mai walda ya yanka maka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, ya ɗan fi gindin injin faɗi, ya huda shi. Don kar a samu saɓani ka ɗora gindin injin a kan kwali ka zana ramukan ka kai masa kwalin. Wannan farantin yana raba fizgar nan ta kilo 100 a kan fili mai faɗi maimakon ɗan wurin da noti ya taɓa. In faranti bai samu ba, guntun angil biyu ko manyan washa masu faɗi da kauri za su yi maneji, amma in har kullum za ka yi aiki da abin, dan Allah ka yi farantin, kuɗinsa bai kai na sabon tebur ba.

Jerin daga sama kenan, kan bol, washa, gindin injin, tebur, faranti, washa, sifirin washa, sai noti. In ka samu notin nan mai roba a ciki da ba ya kwancewa da kansa ya fi, in babu ka sa noti biyu ka matse na biyun a kan na farko.

Wurin ɗaurewa a bi a hankali. Yawancin bais ƙarfen kas ne, kas kuma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Kafin ka matse ka duba ko gindin ya zauna ɗam ko akwai kusurwar da ke lilo, in akwai ka goge wurin ko ka cusa siririn ƙarfe a ƙarƙashi. Ka fara ɗaure duka da hannu, sannan da sifana biyu, ɗaya a sama tana riƙe ɗaya a ƙasa tana juyawa, wannan kusurwa kaɗan, wadda ke fuskantarta kaɗan, haka kana zagayawa har su yi tauri. Wanda ya matse guda ɗaya har ƙarshe ya zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi, shi ne zai ji ƙas, kunnen bais ya ɓalle, kuma waldar kas ba kowane mai walda ne ya iya ta ba.

In ka gama, kama hannun ka danna da ƙarfi kana kallon ƙafafun baya na teburin. In suna ɗagawa to teburin ya yi sauƙi, sai a ɗaure shi da bango da angil biyu da bol ɗin bango mai buɗewa a ciki. Ka nemi inda akwai kankare, fila ko wurin da aka cika bulo, don bulo mai rami ba ya riƙe irin wannan bol ɗin sosai. In gidan haya ne mai gida ba zai yarda a huda masa bango ba, yi kanta a ƙasan teburin ka jera bulo ko buhun yashi ta baya, nauyin zai zaunar da shi.

Wanda kuma tebur ɗaya gare shi, a kai ake guga a kai ake komai, akwai dabara. Ka kafa injin a kan allo na daban, filawud biyu a haɗe kamar santimita 30 da 40, ka zura bol ɗin daga ƙasa, ka ɗan ƙwaƙule wurin kawunan da cizal su nutse don allon ya kwanta sumul, noti su koma sama. In aiki ya tashi ka ɗora allon a kusurwar tebur ka matse da manyan kilam biyu, lallai ɗaya ya kasance ta baya inda yake neman ɗagawa, in ka gama ka kwance ka tura ƙarƙashin gado. Ya isa ga buga maɓalli da ƙananan gyare-gyare, amma aikin babbar guduma kam sai kafaffe.

Bayan kamar sati da fara aiki ka sake bin notin da sifana, katako yakan ɗan kwanta a farko. Ka sake yi in sanyin Disamba ya kama sosai iska ta bushe, lokacin ne itace ke motsewa. Zaren bais ɗin ka goge ƙura ka shafa masa giris kaɗan, in a baranda teburin yake inda feshin damina ke kaiwa ka riƙa rufe shi da leda ko tsohon buhu, ƙafafun kuma ka ɗora su a kan guntun tayil ko ka shafa musu baƙin mai saboda gara da danshi.