Fatsar kifin turawut a ƙarshen kaka: ƙwaro ke ba da lokaci

'Ya'yanmu na Nima da Mamobi da ke zaune a Buronks, a birnin Niyok na Amurka, suna yawan tambayata a WhatsApp yadda ake kama turawut idan sanyi ya fara shiga. To, ga amsa guda ga kowa. Mu nan Accra ba mu da wannan kifi, ruwanmu ya yi masa ɗumi, sai dai karfasa da tarwaɗa. Ni ma a kogunan tsaunukan Katskil na jihar Niyok na koyi kamunsa, lokacin da nake zaman can.

Ɗana, ka fara da doka. Ka yanki lasisin kamun kifi na jihar Niyok. Tun 2021, daga 16 ga Oktoba zuwa 31 ga Maris an yarda a yi fatsa a mafi yawan kogunan turawut na jihar, amma da koton bogi kaɗai, kuma duk abin da ka kama sai ka sake shi. Ka duba ƙa'idar kogin da za ka. Garin Rosko, inda kogin Beaverkill ya haɗu da na Willowemoc, tafiyar kamar awa biyu ce a mota daga Buronks.

Kada ka yi sammako. Wanda ya saba da madatsar Weija zai ce asuba ce lokacin kifi, amma a Nuwamba ruwan can yana kwana da sanyi, kifin ya lafe a gurbi mai zurfi. Ka tafi da ma'aunin zafi. Ƙasa da digiri 4 na Salsiyos kifi ba ya ko kula ka. Idan ya kai wajen 7, wato 45 a ma'aunin Amurka, ya fara motsi. Yawanci daga azahar zuwa la'asar ne. Ka yi sallarka a bakin kogi, sannan ka zauna ka zuba wa ruwa ido kafin ka ɗaura komai.

Abin da kake jira ƙwaro ne. Ka san yadda shinge ke fitowa bayan ruwan sama, kaji su manta da tsaba? Haka turawut yake da wani ɗan ƙwaro mai jiki kore-kore da fikafikai launin toka, wanda a shago ake kira BWO. A ƙarƙashin duwatsu yake girma, ya taso saman ruwa, ya tsage fatarsa, ya tsaya fikafikansa su bushe. Ranar hadari da yayyafi bushewar tana jinkiri, sai ya daɗe yana yawo a kan ruwa, kifi na tsinta. Shi ya sa ranar da mutane ke gudu ita nake so ka fita. Koton bogi mai kama da shi za ka sa, a ƙugiya lamba 18 zuwa 22. Yawan lamba, ƙanƙantar ƙugiya. Idan babu BWO, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu kama da sauro amma ba sa cizo, su kam har tsakiyar hunturu suna fitowa.

Ka lura da yadda kifin ke tasowa, nan ne gwaninta take. In ka ga hancinsa ya leƙo, na saman ruwa yake ci, sai ka ɗaura koto mai yawo a sama. In bayansa ko jelarsa kawai ka gani, ruwa ya ɗan kumbura, to ƙwaron da bai gama fitowa ba yake kamawa a ƙasa kaɗan. Ka sa Pheasant Tail ƙarami, wato koton bogi mai nutsewa da ke kama da wannan ƙwaro. Zaren ƙarshe, wanda ake ɗaura wa ƙugiya, ya zama siriri, mai lamba 6X, domin ruwan kaka garau yake. Ka jefa sama da kifin, ka bar koto ya gangaro da gudun ruwa. Da zarar zare ya ja shi ya fara tsaga ruwa, kifi ya gane, ya ƙi. In shiru ta yi yawa, ka gwada Woolly Bugger, koton bogi babba mai gashi, a gurbi, kana ja a hankali.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah. Wannan ne lokacin da turawut mai ruwan ƙasa ke zuba ƙwai. Inda ka ga tsakuwa ta yi fes a ruwa marar zurfi, ta fi ta kewaye haske, sheƙarsa ce. Kada ka taka, kada ka jefa wa kifin da ke kanta. Wanda ka kama kuwa, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka cire ƙugiyar yana cikin ruwa. In ka danne ƙayar ƙugiyar tun a gida, cirewar ba ta da wuya.

Ka ɗaure bel ɗin wandon robarka na shiga ruwa tamau, ka ajiye busassun kaya a mota. Daga tsakiyar Nuwamba masu farautar barewa suna cikin dajin da bindiga, don haka ka sa hula ruwan lemo mai haske. Kafin ƙarfe biyar duhu ya yi, sai ka fito daga ruwa da sauran rana.