Yadda Makarantar Zango Za Ta Samo Kuɗin Kula da Lafiyar Tunanin Ɗalibai

Na yi shekaru ina cikin kwamitin gudanarwa na wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a ɗaya daga unguwannin zango na Kumasi a ƙasar Ghana, kuma abin da ya jefa mu cikin wannan nema wata yarinya ce 'yar aji uku. Ana saura watanni kaɗan a zauna jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, ta daina magana da kowa, ta koma kujerar ƙarshe ta kifa kai a kan tebur, littafinta a buɗe shafi guda daga safe har a tashi. Malamar ajin ta kawo maganar gaban kwamiti, kowa ya yarda cewa akwai irinta da yawa, sai ma'aji ya yi tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit: "To, Malama, da wane kuɗi?" Ga hanyar da muka bi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Mataki na farko shi ne a mayar da damuwar ta zama rubutu mai lissafi. Babu ofishin da ke sakin kuɗi don an ce yara suna cikin damuwa. A ɗauko rajistar kiran suna ta zangon karatu biyu, a ƙirga yara nawa ne suke yawan fashi, nawa suka bar makaranta, sau nawa aka raba faɗa, sau nawa aka kama wani da tiramadol. Shafi ɗaya ya isa. Kada sunan yaro ko hotonsa ya fita daga ofishin hedimasta, domin dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta shafi makarantu, ga shi kuma a zango labari ya fi mai shi sauri. A kula da kalma ma. Duk takardar da ta sa iyaye suka ji kamar ana jifan 'ya'yansu da hauka ta mutu tun kafin ta isa ofis, shi ya sa muka rubuta "lafiyar tunani da natsuwar ɗalibai".

Na biyu, kafin a roƙi ko sidi ɗaya, a karɓi abin da gwamnati ta riga ta biya. A ofishin ilimi na gunduma akwai jami'in ba da shawara da jagoranci na hukumar ilimi ta ƙasa, GES, akwai kuma mai kula da shirin lafiyar makarantu na SHEP, wanda aka kafa tun 1992. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta karkata aikin daga manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Accra da Pantang da Ankaful zuwa cikin al'umma, don haka a asibitocin gundumomi ana samun ma'aikatan jinya da aka horar kan wannan fanni, sannan asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashensa na musamman ga wanda lamarinsa ya yi nauyi. Waɗannan mutane suna da albashinsu. Abin da yakan hana su zuwa shi ne rashin takardar gayyata da kuɗin mota. A kuma duba katin inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, na kowane ɗalibi, tunda a ƙarshen 2024 an shigar da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, irin su tsananin damuwa da fargaba, cikin abin da inshorar ke ɗauka, kuma ana sabunta katin ta waya da lambar *929#. Idan aka gama wannan, za a ga cewa kuɗin da ake nema ya ragu sosai.

Na uku, a rubuta kasafi na gaskiya, a shigar da shi cikin tsarin makaranta. A ce ma'aikaciyar jinya za ta zo sau biyu a wata na tsawon wata tara, ziyara 18 ke nan, sai a rubuta kuɗin motar kowace ziyara. A ƙara horon kwana biyu ga malamai biyu, namiji da mace, domin yarinya ba za ta faɗa wa malami namiji abin da ke damunta ba. A ƙara gyaran ƙaramin ɗaki mai ƙofa da labule, da akwati mai kwado na ajiye takardu, da taron iyaye ɗaya a kowane zangon karatu. Makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati suna karɓar tallafin kowane ɗalibi da aka fara bayarwa a 2005, kuma ba a kashe shi sai bisa tsarin inganta makaranta da ake kira SPIP, wanda kwamitin gudanarwa yake amincewa da shi kafin ya wuce ofishin ilimi. Kuɗin kaɗan ne, yakan kuma makara, amma layi ɗaya a cikin SPIP yana da amfanin da ya wuce sidin da ke cikinsa, domin duk wanda za a je wurinsa daga baya zai tambaya ko makarantar ta sa nata hannun.

Na huɗu shi ne majalisar gunduma, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Sashe na 252 na kundin tsarin mulki na 1992 ya ce a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba ga asusun bai-ɗaya na gundumomi, kuma daga cikinsa ake gina azuzuwa da sayen kujeru. Sai dai majalisa ba ta kashe kuɗi a kan abin da ba ya cikin tsarin ayyukanta da kasafinta na shekara, shekarar kuɗi kuwa tana farawa ne a Janairu, ana kuma shirya kasafin tun watannin da suka gabace ta. Mu ba mu san haka ba. Muka sa manyan riguna a watan Fabrairu, muka tafi da takardarmu cikin sabon ambulan, jami'in da ya karɓe mu ya karanta har ƙarshe, ya ɗago kai ya ce: "Alhaji, maganarku tana kan hanya, amma kun zo bayan an tashi kasuwa." Laifin namu ne, kuma shekara guda ya ci mana.

Don haka a fara tun tsakiyar shekara. A sami ɗan majalisar unguwa, wanda muke kira asambiliman, a zaunar da shi a makaranta ya ga ɗakin da ake so a gyara da idonsa, a roƙe shi ya kai maganar ƙaramin kwamitin ayyukan jin daɗin jama'a. Takardar ta bi ta hannun daraktan ilimi na gunduma, a kuma tabbata an buga wa kwafin makaranta hatimin karɓa mai kwanan wata. A san majalisar da makarantar take ƙarƙashinta, domin ba duk unguwannin Kumasi ne ke hannun babbar majalisar birni ba. Aboabo da Asawase, alal misali, suna ƙarƙashin Asokore Mampong. A aika kwafi ga ofishin ɗan majalisar dokoki na mazaɓa, wanda yake da nasa kaso a asusun, da kuma Asusun Raya Zango da doka mai lamba 964 ta 2017 ta kafa. A ra'ayina, waɗannan ofisoshi sun fi saurin amsa abin da ake gani da ido, saboda haka a nemi gyaran ɗaki da kayan ciki a wurinsu, a bar kuɗin ziyara da na horo ga wasu.

Na biyar, a dawo gida. Kuɗin ziyara ya fi sauƙin fitowa daga tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda suke Jamus da Italiya da Amurka, idan aka nuna musu cewa mutum ɗaya zai iya ɗaukar nauyin wata guda. A fara da limamin unguwa da sarkin zango, domin idan liman ya faɗa ranar Juma'a cewa neman magani bai saɓa wa addu'a ba, iyayen da suke ganin komai aikin iska ne za su sassauto. A nemi sadaka. Batun ko zakka za ta shiga wannan aiki a bar wa malamai su yanke. Kada a ɗora wa iyaye kuɗi na dole, kuma kada gudummawa ta shiga lambar momo, wato asusun kuɗi na waya, ta mutum ɗaya, ko da shi ne mafi amana a unguwa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu ko uku.

Kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu su zo a ƙarshe, lokacin da ake da abin nunawa. Gidauniyar MTN ta Ghana tana aiki a fannin ilimi da lafiya, ƙungiyar BasicNeeds Ghana kuwa ta daɗe a harkar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa horo da kayan aiki sun fi samuwa a irin waɗannan wurare fiye da tsabar kuɗi. Duk wanda ya ce a biya shi kafin ya haɗa makaranta da masu tallafi, a sallame shi. Duk wanda kuma za a bari ya zauna da yara a matsayin mai ba da shawara, a nemi ganin lasisinsa na hukumar kula da masana halayyar ɗan Adam ta Ghana.

Mataki na ƙarshe shi ne lissafi. A ƙarshen kowane zangon karatu a fitar da shafi biyu: abin da ya shigo, abin da aka kashe tare da rasit, ziyara nawa aka yi, ɗalibai nawa aka gani, nawa aka tura asibiti, ba tare da suna ko ɗaya ba. A karanta shi a taron iyaye, a tura hotonsa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, a kai kwafi ofishin ilimi da majalisa. Rahoton zango na uku ya fi kowanne muhimmanci, domin yana fitowa ne daidai lokacin da ake fara tattara buƙatun kasafin shekara mai zuwa, don haka a maƙala masa sabuwar takardar neman tallafi a miƙa su tare.