Yadda za ki kare zuciyar ɗanki idan kin yi hawan jini da cikinsa

A wurinmu idan mai ciki ta sha fama da hawan jini, ko ma ta yi jijjiga, sannan Allah ya raba lafiya, sai a yi barka a rufe zancen. Alhali zancen bai ƙare ba, domin abin da jariri ya gani a ciki yana iya binsa har girma.

Hawan jini yana matse hanyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, sai abinci da iskar da ke isa ga jariri su ragu. Shi ya sa yakan fito ƙarami, bai kai kilo 2.5 ba, ko ya zo bakwaini. Ƙodar jariri kuwa tana gama ƙera ƙananan matatanta ne wajen mako na 36, kuma ba sa ƙaruwa da girma. Jaririn da ya fito ƙarami ko bakwaini yakan zo da matata kaɗan, kuma wanda ya taso haka, jininsa ya fi saurin hawa. A ƙarshen shekarun 1980 likita David Barker ya bi tsoffin takardun haihuwa na yankin Hertfordshire a Ingila, ya ga waɗanda aka haifa ƙanana sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Haɗari ne ya ƙaru, ba wai an yanke wa yaro hukunci ba, kuma akwai abin yi.

Mataki na farko, fara zuwa awo da wuri, kada ki jira sai ciki ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8. Duk lokacin da aka auna ki, tambayi lambar ki ga an rubuta ta a kati. Kada ki tsaya ga "ba komai, Hajiya". Daga 140/90 an shiga hawan jini. 160/110 kuwa ba a kwana da shi a gida. A duba fitsari ma, don gane ko ƙoda ta fara zubar da sinadarin furotin.

Na biyu, faɗa wa ma'aikaciyar awo tarihinki kaf: ko kin taɓa jijjiga, ko kina da ciwon suga ko na ƙoda, ko tagwaye ne a cikin. Mai irin wannan tarihi likita kan ba ta ƙaramin asfirin tun daga wajen mako na 12, a kuma haɗa mata da sinadarin kalsiyam idan abincinta bai wadace shi ba. Kada dai ki saya da kanki a kemis. Idan dama kina shan maganin hawan jini, kai kwalin a gani, domin irin su lisinopril da losartan suna cutar da ƙodar jariri. Akwai waɗanda suka dace da mai ciki, kamar methyldopa, nifedipine da labetalol.

Na uku, ki san alamun da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu farat ɗaya. Nan ina roƙon maigida da uwar miji. Jijjiga ba iska ba ce, turare da hayaƙi ba sa tsayar da ita. Allurar magnesium sulphate ce maganinta, kuma a asibiti take. Idan likita ya ce a ciro yaro kafin lokaci, ya auna ne ya ga zaman cikin ya fi fitowar haɗari.

Bayan haihuwa a ci gaba da auna ki, don jinin na iya hawa a kwanakin jego. Ki yi hattara da kunun kanwa, domin kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da wankan jego mai zafi, da ciwon zuciyar masu jego.

Sai kuma yaron kansa. Nono zalla wata 6. Da ya fara cin abinci a rage gishiri da dunƙulen miya da lemon kwalba. Wani kuskure da ƙauna ke jawowa shi ne ɗura wa bakwaini abinci don ya kamo sa'o'insa. Ƙiba mai sauri bayan ƙanƙanta tana ƙara wa zuciya nauyi. A bar shi ya yi guje-guje, a nisanta shi da hayaƙin taba.

Daga shekara 3 a riƙa auna jininsa sau ɗaya a shekara, da abin awo daidai damtsensa. Bakwaini a fara tun kafin nan.

Katin awonki da na haihuwarsa kuwa, adana su tare da takardun makaranta, ki nuna wa duk likitan da zai duba shi. Idan mace ce, ranar da ta samu nata cikin ki gaya mata ta faɗa a awon farko cewa mahaifiyarta ta yi hawan jini da cikinta, domin abin yana bin jini.