Yadda Ake Ba Majiyyaci Magani Ba Tare Da Kuskure Ba

Kafin hannunka ya kai ga kwalbar magani, fara da mutumin da ke kwance. Kada ka ce "Kai ne wane?", domin wanda ciwo ya galabaitar zai gyaɗa kai kawai. Ce masa, "Baba, sannu da jiki, faɗa mini cikakken sunanka." Sai ka gwada da katinsa da lambar asibiti. Lambar gado ba shaida ba ce, ana sauya wa mutane gado.

Daga nan ka tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Fayyace masa: ya taɓa shan ƙwaya ko karɓar allura, irin su fenisilin, sai ƙuraje suka feso, fuska ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe? Ji abin da yake sha a gida. Mace kuma a tambaye ta juna biyu da shayarwa.

Sai awo, kuma nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Bugun zuciyar babba mai hutawa yana tsakanin 60 da 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Idan digoxin, maganin ciwon zuciya, za ka bayar, ƙirga bugun har minti ɗaya cur. In ya gaza 60, dakata ka sanar da likita. Haka morphine, maganin rage zafin ciwo mai tsanani, in numfashi ya yi ƙasa da 12. Insulin kuwa, allurar ciwon suga, sai an duba suga.

Karanta rubutun jikin maganin sau uku: lokacin ɗaukowa, lokacin aunawa, da gab da bayarwa. Suna, adadi, hanyar bayarwa, lokaci, ranar lalacewa. Ɗigo ɗaya ya raba 0.5 da 5, ninki goma ke nan a jikin ɗan Adam. Rubutun da bai karantu ba, kada ka cika shi da zato, koma wurin wanda ya rubuta.

Gaya wa majiyyaci sunan maganin da aikinsa, sannan ka ce, "Mama, maimaita mini yadda za ki sha." Idan ta ce wannan ƙwayar ba irin wadda ta saba ba ce, janye hannunka ka sake dubawa. Ni dai ina ɗaukar wannan magana da nauyi ƙwarai.

Tsaya har ta haɗiye. Rubuta a kati bayan ka bayar, ba kafin ba, sannan ka dawo ka ga yadda jikin ya karɓa.