Idan allura ta soke ku a bakin aiki

Salam 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Makon jiya allura ta soki wata ƙanwarmu a ɗakin haihuwa garin mayar da murfi, ta ɓoye har kwana huɗu don tsoron faɗa. Abin ya tsaya min a rai.

Don Allah in ta faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, ban da matsawa. A gaya wa shugaban sashe kafin a tashi aiki. Maganin kariya daga HIV, wato PEP, cikin awa 72 ake fara shi, gara ma a awannin farko, a sha na kwana 28. Wanda bai cika rigakafin ciwon hanta nau'in B ba ya je ya ƙarasa. Allura kuwa, daga hannu sai kwalin zubar da allurai.